Saitin Na'urar Hangen Nesa da Sanyin Dare a Dutse

Aikin na'urar hangen nesa tara haske ne. Ko gilashi ne a bakinta ko madubi a gindinta, hasken tauraro yana shigowa a baje, ita kuma ta tanƙwara shi har ya haɗu a ɗigo ɗaya. Wannan ɗigo shi ne matattarar haske, kuma a nan ake son farantin kyamara ya zauna daram. Idan ya zauna a wurin, tauraro zai fito ɗan ɗigo tar. Idan ya gota gaba ko baya, ɗigon ya kumbura ya zama faifai mai dishi-dishi, taurari masu raunin haske kuma su narke cikin duhun hoton. Kai farantin daidai matattara shi ne saiti, kuma wahalarsa ita ce matattarar ba ta tsayawa wuri ɗaya tun daga magariba har asuba.

Mai kallo da ido bai cika damuwa da wannan ba. Idon mutum yana gyara ɗan kuskure da kansa, in abin ya yi yawa hannu na kusa da mamurɗin saiti. Kyamara ba ta da wannan dabara. Mai ɗaukar hoton sararin samaniya yakan buɗe ta minti 2 zuwa 5 a kowane ɗauka, ya tara hotuna gommai ko ɗaruruwa a dare guda, sannan ya haɗe su a kwamfuta su zama hoto ɗaya. Idan saiti ya zame da ƙarfe goma na dare ba a lura ba, duk abin da aka ɗauka daga nan har asuba ya tashi a banza, domin babu manhajar da za ta maido da ainihin abin da dishi-dishi ya cinye.

Tazarar da aka yarda farantin ya gota ba tare da hoto ya lalace ba ƙarama ce ƙwarai, kuma ana iya lissafa ta. Kowace na'ura tana da lambar f, wato nisan da haske ke yi daga madubi ko gilashi zuwa matattara, a raba shi da faɗin madubin. Madubi mai faɗin milimita 200 da ke tara haske a nisan milimita 1000 lambarsa f/5 ke nan. A hasken kore, wanda ke tsakiyar abin da ido ke gani, faɗin wannan fili na rangwame ya kai kusan lambar sau kanta sau 2.7, a ma'aunin maikiron, wato milimita ɗaya a raba dubu. Na'urar f/10 tana da kusan maikiron 270. Ta f/7 tana da wajen 130, ta f/5 kuwa 67 kacal, kimanin kaurin silin gashi ɗaya. A f/4 abin ya koma 43, a f/2 bai wuce 11 ba. Masu hoto suna son ƙaramar lamba don ta fi saurin tara haske, sai dai ita ce kuma ba ta yafe kuskure. Wanda ya yi saiti a tsakiyar filin ma rabinsa kawai yake da shi ta kowane ɓangare.

Abin da ke ture saiti daga wannan ɗan fili shi ne halin ƙarfe da gilashi: zafi ya miƙar da su, sanyi ya tsuke su. Ƙarar ƙas-ƙas da rufin kwano ke yi bayan faɗuwar rana ita ce wannan tsukewa a fili. Alminiyam, wanda da shi ake yin bututun yawancin na'urori, yana raguwa da maikiron 23 a kowace mita idan zafi ya sauka da digiri ɗaya na Salshiyos. Baƙin ƙarfe yana raguwa da kusan 12. Gilashin Pyrex da ake yin madubai da shi 3.3 ne kawai. Ke nan na'urar nan ta f/5 mai bututun alminiyam, bayan an cire ɗan abin da madubin kansa ya tsuke, matattararta tana gusawa da wajen maikiron 20 a kowane digiri. Kafin zafi ya sauka da digiri 2 ta fita daga fili. In ya sauka da 10, gocewar ta kai maikiron 200, tauraron da ya kamata ya zauna a kan 'yan ɗigogin faranti zai bazu ya yi faɗin maikiron 40. A kyamarorin da ake yayi yanzu, masu ɗigo na maikiron 3.76, wannan ya haura ɗigo 10.

Saukar digiri 10 a dare ɗaya abu ne na yau da kullum a tsakiyar Jigawa lokacin hunturu. A Disamba da Janairu zafin rana a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu yakan kai wajen digiri 30, da asuba kuma ya sauko 13 ko 14, wani lokaci ƙasa da haka. Dalili shi ne bushewar iska. Tururin ruwa da gajimare su ne ke tare zafin da ƙasa ke fitarwa da dare. Idan babu su, zafin ya wuce sama kai tsaye. Nan ne matsalar take ga mai ɗaukar hoto: daren da sama ta fi yin garau, ba gajimare ba danshi, shi ne daren da sanyi ya fi saurin sauka. Kuma saukar ba ta tafiya bai-ɗaya. Awa biyu zuwa uku na farko bayan magariba su ne mafi tsanani, daga nan ta lafa ta riƙa tafiya a hankali har ta kai ƙarshenta dab da fitowar rana. Hunturun nan ne kuma lokacin da sama ke da abin ɗauka. Dutse tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka Kaza da 'Ya'yanta da gajimaren iskar nan mai haske na rukunin Oriyon suna bi ta kusan tsakar ka a dararen Disamba, inda iskar da haske zai ratsa ta fi ƙaranci.

Ba kowace na'ura ce ke amsa sanyi iri ɗaya ba. Mai madubi irin ta Newton lissafinta ya fi sauƙi: bututu ya tsuke, madubai biyu sun matso juna, matattara ta fito waje, sai a ja kyamara baya. Mai gilashi a baki ta fi rikitarwa, domin ban da bututun, gilashin kansa yana sauya lanƙwasarsa da kuma ƙarfin da yake tanƙwara haske da shi. Gilasai masu tsada da ake sa wa don hana launuka rarrabuwa, irin su FPL-53 da fulorait, su ne suka fi jin sanyi. A irin waɗannan na'urori matattara takan matso ciki fiye da yadda bututu ya tsuke, sai ya zama tura kyamara ciki ake yi, akasin ta Newton. Sai kuma gajeriyar nan mai kauri ta Schmidt-Cassegrain. Ƙaramin madubinta na gaba yana ninka nisan haske kusan sau 5, kuma duk ɗan motsin da ya faru tsakanin madubanta biyu yana bayyana a matattara ninki kusan 25. Lambarta f/10 ce, filinta da faɗi, amma wannan ninki yakan cinye faɗin cikin ɗan lokaci.

Masana sun daɗe suna neman maganin abin tun daga kayan ƙira. A 1896 Charles Édouard Guillaume, ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano Invar, gamin ƙarfe da nikel wanda miƙewarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na alminiyam ba, kuma aikinsa a kan irin waɗannan ƙarafa ya ba shi kyautar Nobel a 1920. Madubin inci 200 na dutsen Palomar a Amurka, wanda aka ƙaddamar a 1948, da Pyrex aka zuba shi saboda wannan dalili. Daga baya kamfanin Schott na Jamus ya fito da Zerodur, wanda kusan ba ya motsi sam, kuma da shi aka yi madubai masu faɗin mita 8.2 na Paranal a ƙasar Chile, inda ake sanyaya ɗakunan na'urorin da rana don su yi daidai da sanyin daren da ake sa rai. Duk da haka ba a rabu da matsalar ba. Na'urar Hubble, da aka harba a 1990 da ƙashin zaren kabon, saitinta yana gusawa da 'yan maikiron yayin da take shiga inuwar duniya tana fita a kowane zagaye na kimanin minti 95. Ga mai ƙaramar na'ura, bututun zaren kabon yana rage gocewa sosai a na'urar madubi. A mai gilashi kuwa bai cika biyan kuɗinsa ba, tunda ba ya hana gilashin sauyawa.

Mataki na farko a aikace ba ya cin ko kwabo: a bar na'ura ta huce kafin a fara. Wadda ta wuni a but ɗin mota ko a ɗaki mai rufin kwano ba silin za ta fito da zafin da ya ɗara na iskar waje da digiri masu yawa. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko duk ɗakin da ya fi sanyi a gida, ya fi dacewa da ajiyarta. A fito da ita inuwa tun rana na gab da faɗuwa, a buɗe murfi, a ba ta aƙalla awa guda. Bututu yana hucewa da wuri, amma madubi mai kauri yana jan ƙafa, kuma muddin ya fi iska zafi to akwai siririn labulen iska mai ɗumi da ke rawa a fuskarsa yana karkatar da haske. Ƙaramar fanka irin ta kwamfuta a bayan madubin, tana aiki da batir mai bolt 12, tana rage wannan jira ƙwarai. A daren hunturu gara a bar ta tana juyawa, domin iska na ci gaba da yin sanyi, madubin da aka bari shi kaɗai ba zai kamo ta ba har gari ya waye.

Wurin da aka kafa na'urar ma yana da nasa tasiri, kuma Dutse tana da tarko na musamman. Duwatsun da suka kewaye Garu da sauran sassan garin suna jan hankali saboda tudu ne, babu abin da ke tare ido. Amma dutsen da ya sha rana tun safe yana fitar da zafi har tsakar dare, iskar da ke tashi daga kansa kuma tana sa taurari rawa a cikin na'ura. Haka daɓen siminti, kwalta, rufin ɗakin da aka hanga ta samansa, da hayaƙin janareta. Fili mai yashi ko gonar da aka girbe, nesa da gini, sun fi saurin hucewa kuma sun fi ba da iska mai natsuwa.

Kayan aikin saiti mafi araha shi ne marufin Bahtinov, wanda wani mai sha'awar hoton taurari ɗan Rasha, Pavel Bahtinov, ya fito da shi a 2005. Faifai ne da ake ɗorawa a bakin na'ura, an tsattsaga shi da jerin tsagogi kashi uku masu fuskantar kusurwa daban-daban. Ana iya yanka shi da reza daga kwali mai tauri ko baƙar roba. Idan aka auna tauraro mai haske, hoton zai nuna layuka biyu sun gicciye juna, da na uku yana ratsa su. Ana murɗa mamurɗi a hankali, layin na ukun yana zamewa daga gefe guda zuwa ɗayan. In ya tsaya cif a tsakiyar gicciyen, saiti ya yi. Kyawunsa shi ne yana nuna ɓangaren da aka gota, ba wai an gota kawai ba. Aibinsa kuwa dole mutum ya tsaya da ɗauka, ya tashi cikin sanyi ya ɗora shi, wani lokaci ya karkata na'ura zuwa tauraro mai haske ya dawo. Kuma a cire shi kafin a ci gaba, domin hoton da aka ɗauka da shi a baki ba shi da amfani.

Hanya ta biyu ita ce a bar lamba ta yi magana. Manhajojin ɗaukar hoto irin su N.I.N.A. da Ekos, waɗanda kyauta ne, suna auna faɗin taurarin kowane hoto su fitar da matsakaici. Ko da babu wani inji, lura da wannan lamba kaɗai ya isa ya faɗakar da mutum: in ta fara hawa hoto bayan hoto ba ta dawowa, saiti na zamewa. Idan aka ɗaura wa mamurɗin ɗan inji mai tafiya taki-taki, irin EAF na kamfanin ZWO, manhajar za ta iya yin aikin duka. Tana matsar da kyamara zuwa wurare kamar 7 ko 9 a gaba da bayan inda ake zato, tana ɗaukar gajeren hoto a kowanne, ta zana faɗin taurari. Zanen yana fitowa da siffar harafin V, gindinsa kuma shi ne saiti.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yaushe za a sake. Wasu suna bin agogo, kowace awa guda. A yanayi irin na Jigawa wannan bai dace ba, domin awa guda bayan isha'i tana iya zuwa da saukar digiri 2 ko 3, awa guda da ƙarfe uku na dare kuwa ko digiri ɗaya ba za ta kai ba. Mai bin agogo zai makara a farkon dare, ya kuma ɓata mintuna a ƙarshensa kan saitin da bai motsa ba. Ma'aunin zafi ya fi agogo cancanta da ba da umarni. Ga na'urar f/4 ko f/5 a sake saiti duk lokacin da zafi ya sauya da digiri ɗaya. Ga ta f/7 ana iya jiran ɗaya da rabi ko biyu. A ƙara da sakewa bayan canza matacin haske, da bayan juya na'ura daga gabas zuwa yamma, domin nauyin kyamara yana sauya ɓangaren da yake ja.

Akwai mataki na gaba, wato a koya wa injin ya riƙa gyara da kansa tsakanin hoto da hoto. Wannan yana buƙatar littafin rubutu da 'yan darare na haƙuri. Duk sanda aka yi saiti mai kyau, a rubuta zafin lokacin da lambar takin da inji ya tsaya. A ɗauka an sami taki 10,000 a digiri 24, sannan 10,320 a digiri 16: taki 320 ke nan cikin digiri 8, wato 40 a kowane digiri. Wannan lamba ake ba manhaja. Lambobin awar farko a ajiye su gefe, domin a lokacin na'urar ba ta gama hucewa ba, abin da ma'auni ke nunawa ba shi ne zafin gilashi ba. Kada kuma a ari lambar wani, ko da na'urarsa iri ɗaya ce, tunda tsawon mahaɗai da nauyin kyamara da girman taki sun bambanta. Ko mai murɗawa da hannu yana cin moriyar irin wannan rubutu: in ya manna takarda mai zane-zane a jikin mamurɗi, zai san ɓangaren da zai juya da kuma yawan juyin kafin ma ya duba tauraro.

Ƙananan abubuwa biyu suna ɓata wannan lissafi. Na farko wasan haƙoran giya: idan inji ya juya baya, yakan yi wasu takuna a banza kafin haƙora su kama. Maganinsa a riƙa zuwa saiti ta ɓangare ɗaya kullum, a wuce kaɗan sannan a dawo, kuma gara ƙarshen tafiyar ya zama wanda ke ɗaga nauyin kyamara. Na biyu inda aka sa kan ma'aunin zafi. In yana reto a iska, kowace 'yar iska sai ta motsa lambar. In yana kusa da fankar kyamara ko akwatin wuta, zafinsu zai riƙa karantawa. A manna shi a jikin bututu da salatif, a rufe shi da ɗan soso.

Ba duk kumburin tauraro ne laifin saiti ba, kuma wanda bai rarrabe ba zai kwana yana murɗa abin da ba shi da laifi. Gocewar saiti tana ƙaruwa sannu a hankali ta fuska ɗaya, ta shafi dukan hoton, a na'urar madubi ma taurari kan koma zobe mai baƙin rami a tsakiya. Rawar iska tana hawa tana sauka ba tsari, kuma ta fi tsanani ga abin da ke ƙasa-ƙasa, kamar taurarin kudu da ba sa ɗagawa sosai a sararin Dutse. Idan gefe ɗaya na hoton ne kawai ya lalace, farantin ne ya karkace. Idan taurari sun yi tsawo, bin sawun taurari da na'ura ke yi ne ya sami matsala. Sai ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Hazo ba ya motsa matattara, amma yana rage hasken taurari har manhaja ta rasa isassun da za ta auna, ta fitar da zanen da ya karkace, ta kai inji inda bai dace ba. A irin wannan dare a tsawaita gajerun hotunan awo, a kuma duba zanen da ido kafin a amince da shi. Ƙurar tana shiga mamurɗi ta haɗu da maiko ta sa shi cijewa, don haka rufe na'ura bayan aiki wani ɓangare ne na kula da saiti.

Wanda bai mallaki na'urar hangen nesa ba, yana aiki da kyamara da dogon gilashinta na milimita 135 ko 200, shi ma bai tsira ba. A f/2.8 filinsa kusan maikiron 21 ne. Alamar nesa mara iyaka da ke jikin zoben ba abin dogaro ba ce, kuma yawancin gilasai an yi su ne su wuce ta kaɗan. Sai ya kashe saitin kai-da-kai, ya ƙara girman tauraro a allon kyamara har ƙarshe, ya murɗa, ya ɗaure zoben da salatif, ya kuma kwance ya sake bayan an sami saukar digiri biyu. Rage buɗewar gilashin zuwa f/4 yana ninka filin sau biyu.

Masu neman jinjirin wata da na'ura suna gamuwa da abin a mafi munin lokacinsa: bututu ya sha rana, zafi ya fara faɗuwa, babu tauraro a sama tukuna, siririn watan kuma da ƙaramar gocewa sai ya ɓace cikin jan sararin yamma. Saitin da aka bari tun daren jiya an yi shi ne da sanyi, ba zai yi daidai ba. Idan Zara tana yamma a watan, ita ce abin saiti mafi kyau, domin tana bayyana a na'ura tun kafin duhu. A jira rana ta faɗi tukuna, don hasken rana ta cikin na'ura yana makantar da ido nan take.

Sauran lokutan shekara kowanne da nasa hali. A bazara, Maris zuwa Mayu, rana kan kai digiri 40, asuba kuma wajen 24 ko 25, saboda haka tazarar tana nan da girmanta, ga shi na'ura tana fitowa da zafi fiye da kowane lokaci. Da damina tazarar ta ragu, dararen da sama ke buɗewa bayan ruwa sun wanke ƙura, sai dai raɓa ce ke sauka a kan gilashi. Haka ma farkon kaka. Ɗamarar ɗumama gilashi da ake naɗawa don korar raɓa tana sauya zafin gilashin, saboda haka a kunna ta tun farko, a bar ta a mataki ɗaya, sannan a yi saiti. Lambar taki da aka samo a hunturu a sake gwada ta idan yanayi ya juya, haka kuma duk lokacin da aka canza kyamara ko aka ƙara wani gilashi a hanyar haske.